Fitilun Ribas na Saverio Mai Burodi

A garinmu Serrafonda, gidan Saverio mai burodi shi ne na ƙarshe a kan tudu, kuma wanda ya fara haƙa hanyar da ke zuwa can bai yi ta don mota ba, jaki ya yi wa. In kana saukowa daga sama za ka wuce gidan Cosimo, ka wuce famfon unguwa, sannan ka iso kwanar da bango ya turo ciki a gefe ɗaya, ɗaya gefen kuma kwazazzabo ne wanda in ka jefa dutse sai ka gaji da sauraro. A ƙofar gidan Saverio hanyar ta ƙare. Babu wurin juyawa, ko keke sai an ɗaga shi. Saboda haka duk wanda ya hau da mota da gaba, da baya zai sauko.

Saverio kuwa kullum sai ya hau. Shekara kusan arba'in ke nan yana ɗaukar burodi daga wurin Donna Filomena, mai gidan burodin da ke bakin babban titi, ya zaga da shi ƙauyukan kan duwatsu, ya rataya wa tsofaffi nasu a ƙusar jikin ƙofa kafin su gama tarin safe. Aiki ne da ke fito da mutum tun duhun asuba. Da yamma ya dawo da farar motarsa ta kaya, ya hau da ita har ƙofar gida, ya tsayar da ita hancinta na shinshinar tukwanen furen matarsa. Kafin gari ya waye kuma ya sauko da ita da ribas, tun daga sama har ƙasa.

Mai hankali zai ce me ya hana shi hawa da ribas da rana, ya sauko da gaba da asuba? Ya taɓa gwadawa yana saurayi, kuloci ya ƙone, warin ya kwana a unguwa. Mai hankalin zai ƙara cewa to ya ajiye ta a ƙasa mana. Nan ne za a gane baƙo ne. A gindin tudun akwai wani tsohon ɓaure, a ƙarƙashinsa mazan da ido ko wuya ya ci amanarsu suke ajiye motocinsu, su hau gida a ƙafa. A garinmu ba a cewa wane ya tsufa, sai dai a ce ya koma gindin ɓaure. Daga ranar da ka ajiye mota a can za a matsa maka a benci, a raba karta da kai, a fara tambayarka yaya hawan jini. Cosimo, maƙwabcin Saverio kuma abokin faɗansa tun suna makaranta, ya daɗe da komawa can, kuma babu abin da yake jira a duniya kamar ranar da zai matsa wa Saverio a bencin.

Abin da kowa ya sani amma ba a faɗa, don an saba ganinsa kamar hayaƙin murhu, shi ne Saverio bai taɓa saukowa shi kaɗai ba. Matarsa Nunziata, 'yar gajeriyar mace mai faɗin tafin hannu, tare suke fitowa. Ta ɗaura farin ɗankwali, ta ɗaure igiyar takalminta, ta tsaya a bayan motar ta gefen direba, tana tafiya tana dukan jikin ƙarfen. Duka ɗaya, taho. Biyu, tsaya. In ta goga tafi a jikin motar, karya sitiyari. Motar fitilar ribas ɗaya tilo gare ta, haskenta bai fi na kyandir ba, amma ya isa ya nuna masa farin ɗankwalin a madubi, shi kuwa ban da ɗankwalin bai taɓa kallon komai ba. In sun isa gindin ɓaure ta miƙa masa ƙunshin karin kumallonsa ta taga, ta juya ta hau gida. Ba sa cewa uffan, don su biyun babu mai son hira da asuba.

Da yamma in yana hawa, yakan ga wata 'yar siririyar hanya a daidai bakin kwazazzabon, faɗinta bai wuce tafin ƙafa ba, inda ciyawa ta daina fitowa. Kullum sai ya ja tsaki ya ce awakin Cosimo ne ke cinye gefen hanya, wata rana sai sun zubar da ita gaba ɗaya.

Rigimar ta fara ne ranar sa wa motoci albarka. Kowace shekara a tsakiyar zafi ake jera duk wani abu mai taya a dandalin coci, daga motar noma har babur, Fada, limamin cocin, ya bi su yana yayyafa ruwa, ana danna hon kamar za a tsaga kunne. A bana aka ce a karrama Saverio, domin shi ne direban da ya fi kowa daɗewa ko fenti bai ƙwarzane ba. Aka miƙa masa lasifika, kuskuren da aka yi ke nan. Mutum ne da ke wuni a mota shi kaɗai yana tara magana, ga shi ya riga ya kora ruwan inabi a kan cikin da babu komai. Ya gode wa Allah. Ya gode wa marigayi mahaifinsa da ya koya masa riƙon sitiyari. Ya gode wa Donna Filomena, ya gode wa waɗanda suka ƙera motar, har ya gode wa Mastro Gerlando mai gyaran wutar mota, wanda bai taɓa yi masa komai ba sai canza ƙwan fitila. Sannan ya ɗaga hannuwansa sama ya ce a duk faɗin lardin nan babu mai saukowa tudu irin nasa da baya cikin duhu, kuma da idanun nan biyu da hannuwan nan biyu kaɗai ya yi.

Aka yi tafi. Nunziata ma ta tafa da tafin nan nata mai faɗi, a hankali. Matan da ke kusa da ita suka tsayar da nasu tafin suna kallonta.

Washegari da asuba ya tashi ya sa wando, ya tarar tana kwance ta ba ɗakin baya. Ya yi gyaran murya. Ya ja kujera da ƙarfi. Da ya ga ko gezau, sai ya tambaye ta ko ba ta jin daɗi ne. Ta ce lafiyarta ƙalau, ƙunshinsa na kan tebur.

"To ba za ki fito ba?"

"In yi me? Idanu biyu, hannuwa biyu. Na duba maka su jiya kana barci, duk suna nan."

Da mai wayo ne, da nan ya zauna a bakin gado ya ce bakinsa ne ya kufce, a wuce wurin. Amma Saverio irin mazan nan ne da gara su haɗiye makullin mota da su ce yi haƙuri. Ya ɗauki ƙunshinsa ya fita, har da ɗan fito.

Lokacin dafa tumatir ne, kowane gida ya cika kwalaben miyar shekara. Matar Cosimo ta jera nata a akwatuna a bakin ƙofa su huce. Saverio ya sa ribas, ya duba madubi, bai ga komai ba sai duhu da ɗan gajimaren hayaƙin motarsa. Ya saki birki da bismillar direbobi, wato ya taɓa hoton waliyyin da ke manne a gaban mota. Bai yi nisa ba aka ji ƙara kamar an kifar da kantin tangaran. Cosimo ya fito da gajeren wando, ya ga jan ruwa na gangarowa daga ƙarƙashin mota, ya dafe kai yana kiran waliyyai ɗaya bayan ɗaya, a zatonsa an take mutum. Da ya duƙa ya lakata ya ɗanɗana, sai fuskarsa ta washe. Bai yi faɗa ba, wanda shi ne ya fi ciwo. Cewa kawai ya yi zai je ya kakkaɓe benci.

Saverio ya ƙarasa saukowa ne ta hanyar manna motar da bango, yana jin ƙarar gogar ƙarfe da dutse yana bin ta kamar makaho da sanda. Da ya isa ƙasa, gefen motar ya zama kamar an kankare kifi.

Duk wanda ya tambaye shi a ranar, amsa ɗaya ya ba shi: duhu ne. Fitilar ribas ɗin nan ta tsufa, kuma bana duhun asuba ya fi na bara kauri. Yana gama rabon burodi ya zarce shagon Mastro Gerlando. Shi Gerlando mutum ne mai taushin murya wanda bai taɓa ce wa mai mota a'a ba. In ka ce masa motarka na buƙatar fuka-fuki, tambayarka zai yi wane launi. Ya san maganin ciwon Saverio sarai, domin yana dandali ranar lasifika, amma shi fitila yake sayarwa. Ya gyaɗa kai ya ce gaskiya ne, Kawu Saverio, mutane da yawa sun kawo kukan duhun bana. Ya huda bamba, ya ɗaura ƙananan fitilu biyu, ya jona su da wayar ribas yadda da ka sa giya za su kama da kansu.

Da magariba Saverio ya gwada su a ƙofar gida, yana sa giya yana cirewa, yana leƙen taga ko za a fito a yaba. Nunziata ta fito da faranti da 'yar kujera, ta zauna a cikin hasken ta hau tsince wake. Da ya cire giya ta ce ya mayar, ba ta gama ba.

Fitilun sun yi aikinsu. Da asuba ya ga ƙofar Cosimo fes, ya ga matar Cosimo tsaye a gabanta riƙe da muciya, ya kauce mata da kyau. Kaucewar ce ta kai shi kan famfon unguwa. Famfon ya karye daga gindi, ruwa ya yi tsiri sama, ƙofar bayan motar ta lotsa ta ƙi rufuwa. Ya ɗaure ta da igiyar shanya, ya sake bin bango har ƙasa. A hanyar ƙauyuka igiyar ta kwance bai sani ba, ya yi ta shuka burodi a kan titi, ya shiga ƙauyen farko da rakiyar karnuka.

Donna Filomena mace ce da ba ta ɗaga murya, ba ta taɓa buƙata ba. Ta zaga motar hannuwanta a baya, garin fulawa har gwiwar hannu. Ta ce masa ita ba ta manta shekarun da ya yi mata ba, amma tsofaffin kan duwatsu ba su da wani abin karyawa sai burodinta, kuma ba don karnuka take tashi cikin dare ba. Surukinta yana da mota, yana kuma zaune babu aiki.

"In na ƙara ganin sabon tabo ko ɗaya a jikin motar nan, Saverio, burodina ya bar hannunka. Kuma maganin abin yana cikin gidanka, kai ma ka sani."

Ya ce ya sani, ƙarin haske ne. Ta dube shi kamar yadda take duban ƙullin da ya ƙi tashi, ta koma ciki.

A gaskiya ranar tsoro ya kama shi. Ba mutuwa yake tsoro ba, bencin nan yake tsoro, da hannun Cosimo yana bubbuga wurin da ya keɓe masa. In aka karɓe burodin, me zai fito da shi da asuba? Mota za ta koma gindin ɓaure, shi kuma ya bi ta. Akwai kuma wani abu da bai yarda ya faɗa ko wa kansa ba, kunnensa kewar dukan ƙarfen nan yake yi. Da ya bar shagon Donna Filomena hanya biyu ce a gabansa, ta gida da ta Gerlando, kuma kun san wadda ya bi.

Wannan karon Gerlando har rufe shago ya yi don kada a dame shi. Ya ciro manyan fitilu irin na motar noma, waɗanda ake girbi da su cikin dare, ya kafa biyu a kan rufin motar suna kallon baya, ya ƙara ɗaya a kowane gefe. Da aka sa giya fis ya ƙone, har rediyo ta ɗauke. Gerlando ya ce alama ce mai kyau, wutar tana da ƙarfi. Ya ja sabuwar waya mai kauri tun daga batir, ya yi musu makunni nasu daban a kusa da sitiyari. A kan haka ya yi masa gyara da wani ɗan akwati mai kuka irin na manyan motoci, wanda da an sa ribas zai fara ƙara kamar ana matse ɗan tsako. Mai gyaran jikin mota ya bubbuge ƙofa ya shafa fenti, motar ta fito kamar jirgin kamun kifi.

Gwajin da aka yi da magariba har yau ana labarinsa. Da ya danna makunnin, zakarun unguwa suka hau cara. Wata tsohuwa da ke ƙasa da famfo ta ga ɗakinta ya cika da farin haske, ta ɗauka lokacinta ne ya yi, ta gyara kwanciya ta yafe wa ƙanwarta rigimar gonar zaitun, kuma da ta gane Saverio ne ta janye yafiyar. Mutanen ƙauyen da ke tsallaken kwari suka yi waya suna tambaya ko gobara ce. Nunziata ta leƙo ta dubi abin, ta ce ya matsar da ɗaya daga kan tukwanenta kada furannin su ɗauka gari ya waye. Daga nan ta zuba masa taliya, ta zuba masa miya fiye da kullum, ta zauna tana kallonsa yana ci.

Da asuba ya shiga mota. Yau babu bin bango, domin gogar bango ma tabo ce. Dole ya bi tsakiyar hanya yadda ya saba bi a da. Ya danna makunni, ya sa ribas, ɗan tsako ya fara kuka. Kafin ya kai gidan Cosimo kowace taga ta buɗe, wasu sun fito da bargo a kafaɗa, domin wanda aka tasa da irin wannan haske gara ya fito ya ga ƙarshen abin. Ya wuce ƙofar Cosimo salin alin. Ya wuce kututturen famfo. Har ya fara jin kansa na dawowa, yana tsara abin da zai faɗa a shagon gahawa.

Sai ga kwana. Ya karya sitiyari don ya kauce wa cikin bangon, kamar yadda hannunsa ya saba, ya kai ido madubin gefensa, inda farin ɗankwali yake zama.

Kuɗin Gerlando bai tafi a banza ba, komai ya fito. Ya ga tayarsa ta baya. Ya ga 'yar siririyar hanyar nan a gefenta. Bayan ita kuma babu komai, hasken ya zube ƙasa, can ƙasa, a kan kawunan itatuwan zaitun da wata tsohuwar firiji da wani ya taɓa wurgawa, ta koma kamar akwatin ashana. Sau dubu nawa ya wuce wurin nan da rana yana kallon gaba, bai taɓa ganin inda tayarsa take takawa in yana saukowa ba. Ƙafarsa ta danne birki ta ƙi ɗagawa. Ya cire giya, ɗan tsako ya yi shiru, ya zauna riƙe da sitiyari, ba gaba ba baya.

Cosimo ya gangaro da silifas, ya zagayo ta gaban motar ya tsaya a kusa da taga, ya tambaye shi ko ya tsaya shan iska ne. Saverio bai cire ido daga madubi ba. Da wata murya da ba tasa ba ya ce ga abin da awakin Cosimo suka yi wa hanya, sun cinye ta saura ƙiris.

"Waɗanne awaki? Na sayar da awakina tun kafin ka aurar da 'yarka. Kai ka ci naman na ƙarshen."

Ya faɗi haka ne ba tare da dariya ba, abin da ba a saba ji daga bakin Cosimo ba. Saverio ya sake duban 'yar hanyar. Ta taso ne daga sama, tana bin gefen direba, daidai inda ɗankwalin yake bi a madubi, ta matse a kwanar har ta kusa ɓacewa, sannan ta ci gaba zuwa ƙasa. A inda ta fi matsewa akwai wani reshen zaitun da ya leƙo daga bakin ramin, ɓawonsa ya goge ya yi sheƙi kamar ƙotar fartanya. Shekara kusan arba'in, da ruwa da ƙanƙara, da cikin 'yarsu a jikinta, a nan take takawa, hannu ɗaya a jikin motarsa, ɗaya riƙe da reshen nan. Shi kuwa yana ciki a zaune, da hular sanyi, yana ganin kansa gwani. Kunya ta rufe shi, tsoro ya biyo baya, tsoron duk asubahin da suka riga suka wuce.

Ya zuro kai ta taga ya kira sunanta. Ya sake kira, ya ce bai iya ba.

Cosimo ya sa hannu a bayan kunne ya ce bai ji ba, ranar lasifika muryar ta fi haka fita.

"Nunziata! Ban iya ba. Ban taɓa iyawa ba, ke ce kike sauko da ita."

Sai aka ji ƙofa ta buɗe a sama, ba a daɗe ba ga ta ta shigo cikin hasken tana kare ido da hannu. Farin ɗankwali a ɗaure, takalma a ɗaure. Saverio ya san tun da bayanta ya fara ciwo ɗaurin takalman nan yana cin lokaci, sai ta zauna, ta huta tsakanin ƙafa da ƙafa. Ba yanzu ta ɗaure su ba. Yana fita take tashi ta shirya, ta zauna a bayan ƙofa tana sauraron motar, kuma ya tabbata haka ta yi duk kwanakin nan.

Ta iso ta wuce tagarsa ko kallonsa ba ta yi ba, ta nufi bayan motar ta gefen ramin. Ya ce kada ta bi ta nan, don Allah ta bi ta gefen bango. Ta tsaya ta ce in ta bi ta gefen bango wa zai gaya masa inda ƙasa ta ƙare?

"Kashe mini waɗannan abubuwan, suna kashe mini ido. Da wannan mai kukan."

Ya kashe makunni. Cosimo ya laluba bayan motar ya fizge wayar ɗan tsako da jin daɗin da bai ɓoye ba. Duhu ya dawo, ya fi na da. Da ya sa ribas sai ƙananan fitilun bamba da tsohuwar kyandir ɗin suka kama, a hankali farin ɗankwali ya fito a madubi. Sai duka ɗaya a jikin ƙarfe.

Bai taɓa saukowa a hankali irin na ranar ba. Kowane taku nata sai ya ji shi a ƙirjinsa. Ta yi duka ɗaya, ya matsa kamar mai auna gishiri. Ta ƙara, ya ƙara matsawa kaɗan. A tsakiyar kwana ta gaji ta ce in haka zai yi, gara ta ɗauki motar a ka, burodi na can na sanyi. 'Yan kallo suka fashe da dariya, shi kuwa hawaye ne ke sauka cikin gashin bakinsa, bai kuma saki sitiyari ya share ba. A gindin ɓaure ta leƙo ta taga ta ga ƙunshin da ya ɗauko a kan kujera, ta gyara masa ɗaurinsa, ta ce ya goge fuska kada tsofaffi su ɗauka wani ya mutu. Ta juya ta hau gida.

Ya isa wurin Donna Filomena a makare, amma labari ya riga shi. Ta zaga motar hannuwanta a baya, ba ta sami sabon tabo ba. Aka loda burodi. Da zai tashi ta miƙo masa wani babba mai zafi, naɗe a takarda, ta ce wannan na direba ne, in ya koma gida ya kai mata.

Da rana ya koma shagon Gerlando ya ce a kwance su duka, na rufi da na gefe da na bamba, da abin kukan. Gerlando ya yi jimami kamar ana rushe masa gini, amma ya kwance. Saverio ya zaɓi ɗaya daga cikin ƙananan, ya ce a mayar da ita can ƙasa a kusurwar baya ta gefen direba, a sunkuyar da kanta tana kallon ƙasa, ta ɗan karkata waje. A karon farko a rayuwarsa Gerlando ya yi wa mai mota musu. Ya ce wannan ai ɓarnar waya ce, Kawu Saverio, a nan babu abin da za ta nuna maka, ko a madubi ba za ka ga haskenta sosai ba.

"Ba ni za ta haska wa ba. Ɗaura."

Cosimo har yau yana kakkaɓe bencin kowace safiya, ya ce ba gaggawa yake yi ba. Wanda ya tashi da asuba a unguwarmu kuwa zai ga ɗan da'irar haske tana gangarowa a bakin kwazazzabo, da takalma biyu ɗaurarru suna tafiya a cikinta. Nunziata tana gaya wa mata cewa cin batir ne kawai, ita da ido rufe ma ta san hanyar. Amma ba ta taɓa ce masa ya kashe ta ba.